Mijin Rokiah Baƙo Ne

Duk mai bin hanyar Kluang, a jihar Johor ta ƙasar Malesiya, ta cikin gandun kwakwar manja, ya san rumfar Rokiah. Tana nan a mararrabar Parit Noh, daidai inda manyan motoci ke rage gudu saboda wani rami da ya gagari cikewa. Kwano ne a sama, benci a ƙasa, sai talabijin da aka ɗaure a jikin ginshiƙi. Tun da sanyin safiya ƙamshin shinkafa da madarar kwakwa ke tare mutane a hanya. Masu ci suna cewa hannun Rokiah bai canza ba, bakinta ne ya canza. Da can mace ce mai fara'a, wadda kan ƙara wa ɗan makaranta rabin ƙwai ba a roƙe ta ba. Yanzu kuwa ka kuskura ka ce shayi ya huce, sai ta ce ka koma gida matarka ta dafa maka. Waɗanda suka san ta tun farko ba su cika ganin laifinta ba, amma ba sa son a tada zancen, don kusan kowannensu yana da kashi a gindi.

A Parit Noh aka haife ta. Ubanta Samat mai tatsar itacen roba ne. Ya rasu tana tsakiyar sakandare, ta ajiye littafi ta shiga kamfanin ɗinki a Batu Pahat. Can ta auri wani direban babbar mota, mutumin kirki, amma aure bai yi nisa ba mota ta kife da shi a hanyar Segamat. Ta dawo gida ba ɗa ba jika, ita da mahaifiyarta Inna Sepiah suka kafa rumfar nan don su rufa wa kansu asiri. Namiji ɗaya ne a gidan, yayanta Jalil, akawu a ofishin gunduma. Shi ne mai albashi, shi ne mai riga da guga, don haka in ya yi magana ba a mayar masa.

Rabin cinikin rumfar na leburorin gandu ne, yawancinsu mutanen tsibirin Lombok, daga Indonesiya, don 'yan ƙasa sun daɗe da raina sarar kwakwa. Aiki ne na ɗaga gora mai tsawon bene da lauje a bakinta, kana kallon sama har wuya ya ƙage, ƙaya ta huda takalmi, wani lokaci maciji ya faɗo tare da ganye. A cikin leburorin akwai wani siriri mai yawan surutu, sunansa Mahsun. Ranar da ya fara yi mata magana, tsokana ya kawo.

"Yaya, wannan yaji ne ko jan ruwa?"

Rokiah ta dube shi sama da ƙasa. "Ba a taɓa kuka da yajina ba sai yau."

"Ai mutanen nan ba su san yaji ba. A garinmu wannan jarirai ake lasa wa."

"To sarkin iyawa, ga turmi, ga barkono. Baki dai kowa yana da shi."

Ya wanke hannu ya zauna ya daka. Ya gasa daddawar jatan lande a bakin wuta, ya matse lemun tsami a kai. Wanda ya fara ɗanɗanawa sai da ya share hawaye, sannan ya ce a ƙaro. Daga ranar, in Mahsun ya tashi daga gandu sai ya biyo ya daka yajin gobe, ladansa faranti ɗaya. Inna Sepiah ta lura daka yana ƙarewa amma mai dakan ba ya tashi. Ta ja bakinta ta yi shiru.

Jalil ne bai yi shiru ba. Da zancen aure ya kai kunnensa, a kan babur ya zo, ko hular kwano bai cire ba.

"Mazan Johor sun ƙare ne, Kiah? Lebura? Baƙo? Kin san takardar aikinsa ta hana shi aure a ƙasar nan? Ranar da aka ji, ranar za a sa shi a jirgi. Baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ki neme shi ki rasa."

"Wancan da na aura ɗan ƙasa ne, Yaya, da katinsa da komai. Yana ina yanzu?"

"Ni dai ba da hannuna ba."

Ba da hannun nasa ba aka yi. Rokiah da Mahsun suka hau mota suka yi arewa, suka tsallaka iyaka zuwa Tailan, inda wani limami ya saba ɗaura irin wannan aure. Da suka dawo, Inna Sepiah ta dafa shinkafa mai kurkum da kaza ta aika gida-gida. Ba ta faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya tambaya. Muniandy, helman gandu, ya karɓi nasa kwanon ya ce, "Ni kurma ne, kuma makaho. Amma wani karon a sa mini cinya."

Shekara ta zagayo aka haifi Suriani, ana ce mata Yani. Sunan Mahsun ya ɓace, ya koma Baban Yani. Yarinyar tana shirin shiga makaranta shekarun da doka ta yanka wa lebura suka cika, gandu ya saya masa tikitin komawa gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya zo ya hura wutar murhu da shi. Daga baya Rokiah ta yi ta zarya har kotun Musulunci ta ci su tara ta amince da auren, aka sa sunan uba a takardar haihuwar Yani. Amma amincewar alƙali daban, ta masu kula da shige da fice daban.

Haka ya zauna ba takarda, shekara bayan shekara. Da asuba yana rumfa, da hantsi yana sarar kwakwa a ƙananan gonakin mutanen ƙauye, waɗanda 'ya'yansu duk sun tsallaka Singapore neman kuɗi. In ana gayya a masallaci shi ne a kan rufi. In an yi rasuwa shi ne a cikin rami da shebur. Shekarar da ruwa ya ci gari, shi ya yi ta goyo tsofaffi zuwa makaranta, ruwa iya ƙirji. Harshensa ya juye ya koma na Johor, har in ya kira gida 'yan'uwansa na kwaikwayonsa suna dariya. Rokiah ta saki jiki. Akan yi wata guda ba ta tuna cewa mutumin da ke kwana a gefenta, a wurin hukuma babu shi.

Yani tana tsakiyar sakandare, zaɓe yana ƙaratowa, wata safiya wani minista ya fito a talabijin ɗin rumfa. Ya ce baƙi sun yi yawa. Gwamnati ta shirya rage masu shigowa aiki, za ta tsaurara wa masu neman zama saboda aure ko iyali, kuma duk wanda ba shi da takarda ya kuka da kansa. Kawu Leman, tsohon soja mai gonar kwakwa a bayan masallaci, ya buga tebur har shayinsa ya zube.

"Yauwa! Sai yau na ji magana. Ka shiga asibiti su, ka shiga kasuwa su. Ƙasa ta zama rijiyar bakin hanya, kowa ya zo ya zura guga. A kwashe su kaf!"

Benci ya ɗauka, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce su ne suka kawo sata, wani ya ce su ne suka karya albashi. Mahsun yana tsaye yana jan shayi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Ya zo ya goge teburin, ya ajiye wa Leman sabo.

"Kawu, in an kwashe mu, wa zai sare maka kwakwarka ranar Laraba?"

Aka bushe da dariya. Leman ya kaɗa hannu. "Kai Baban Yani, wa ke maganarka? Kai ai namu ne. Waɗancan nake nufi."

"Waɗanne?" in ji Rokiah daga bakin murhu.

"Waɗancan mana. Baƙi."

"Irin ɗanka da ke wanke motoci a Singapore?"

"Nawa da takardarsa ya tafi," Leman ya ce. Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Mahsun ya yi murmushi ya koma wurin butarsa.

Kafin wata ya mutu aka fara samame. An kwashe ma'aikatan wani gidan abinci a Kluang har da mai wanke-wanke, aka bar tukunya a kan wuta. An tare motar kasuwa a kan gada aka sauke rabin mutanen ciki. Duk farar motar da ta rage gudu a ramin mararraba, sai Mahsun ya sulale ta baya ya shige cikin ayaba. Namiji mai furfura yana laɓe a bayan ganye kamar ɓarawon kaji, 'yarsa tana kallo. Ana cikin haka aka yi shela: duk wanda ya miƙa kansa ya biya tara, za a bar shi ya koma ƙasarsu, ba ɗauri ba bulala. Mutane suka ƙara nasu gishirin, wai mai mata 'yar ƙasa in ya fita da ƙafarsa zai iya dawowa ta ƙofa, da takardar miji.

Rokiah ce ta matsa masa ya miƙa kansa. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mata rai.

"Ka je ka dawo ta ƙofa, Baban Yani. Na gaji da zaman ɗar-ɗar. 'Yan watanni ne, ka dawo ka riƙa tafiya a tsakiyar titi kamar kowa."

"Maman Yani, ƙofar gwamnati ta fita ce mai faɗi. Ta shiga sai wanda suke so."

"Da can ta ina ka shigo?"

"Lokacin suna son wuyana. Yanzu wuyan ya tsufa."

"To zauna. Zauna su zo su sa maka ankwa a gaban 'yarka."

Da jin haka ya yarda zai tafi. Bai sake musu ba.

Ita da Yani suka raka shi tashar jirgin ruwa da rana tsaka. Layi har waje, maza da jakunkuna da kwalaye ɗaure da igiya. Shi kuwa sai ba Yani dariya yake, wai zai kawo mata biri daga Lombok in ya yarda ya shiga jaka. Da ya isa gaban kanta, ma'aikaci ya ɗauki zanen yatsunsa, ya buga hatimi, ya yi masa wata magana. Rokiah tana hangensa ta gilashi. Ta ga ya tsaya, ya sake tambaya, sannan ya juyo yana nemanta da ido. Na bayansa suka tura shi gaba. Sai da jirgi ya yi nisa ya kira ta a waya: hatimin na hana shiga ƙasa ne, shekara biyar.

Yani tana jin komai. A mota, a hanyar komawa gida, ta ce, "Ke kika ce ya tafi."

Daga nan Rokiah ta koyi hanyar birni. Takan rufe rumfa, ta hau motar farko, ta karɓi lamba, ta zauna a benci har azahar. Ma'aikatan ba su taɓa ɗaga mata murya ba. Da sun ɗaga ma da ta samu wanda za ta zaga ta ji sanyi. Wata yarinya mai lallausar murya ita ta fi faɗawa hannunta.

"Goggo, ana iya roƙon a rage wa'adin, amma sai da shaidu, mutanen da za su ce sun san shi, sun san zamanku."

Rokiah ta ce wannan ai mai sauƙi ne, gari guda ya san shi. Ta dawo ta bi gida-gida. Mai unguwa ya ce zai duba, ya yi ta dubawa har yau. Wannan ya ce ƙafarsa na ciwo, wancan ya ce sai ya yi shawara da ɗansa. Sai matar ladan ce ta ja ta gefe ta faɗa mata gaskiya: duk wanda ya ce ya san Mahsun, za a tambaye shi a ina, kuma kowa ya sa shi aiki a gonarsa, alhali doka tana cin mai ba marar takarda aiki tara mai nauyi. Mutum ɗaya ne ya yarda, Muniandy, shi ma aka ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba.

Da ta koma, yarinyar ta dube ta da tausayi. "Goggo, an ma canza tsarin tun watan jiya. Yanzu ko wa'adi ya cika, sai matar ta nuna tana da albashin da zai riƙe miji."

"Rumfa gare ni. Ita ke riƙe da mu tun kafin a yaye ki."

"Na gane, Goggo, amma rumfa ba ta ba da takardar albashi. Sai dai ki samo ɗan'uwa mai albashi ko fansho ya tsaya masa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta haɗiye girman kai ta tafi gidan Jalil. Ya yi ritaya, yana zaune a falo yana watsa wa kifayensa na ado abinci. Ya saurare ta har ta gama bai juyo ba.

"Da na faɗa miki, me kika ce mini?"

"Yaya, ba gori na zo ji ba. Hannu kawai za ka sa."

"Hannu kawai! Mutumin da ya ƙona tikitinsa a murhu? In ya sake taka doka, fanshona za a bi. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba."

"Shi ya haƙa kabarin matarka, Yaya, ana tsuga ruwan sama."

"Allah ya ba shi lada. Lada daban, doka daban."

Ta tashi ta fita ba sallama. Tun ranar ba ta ƙara taka gidan ba.

Can Lombok kuma Mahsun ya tarar an daɗe da rabon gonar ubansu, ba a yi da shi ba, don kowa ya ɗauka ya zama mutumin Malesiya. Ƙaninsa ya ba shi ɗaki a bayan gida. Yara na kiransa baƙo saboda harshensa. Kullum da yamma sukan yi waya. Da farko tambayarsa ɗaya ce, "Yaya ofis?" Rokiah takan ce ana nan ana yi. A shekara ta uku ya daina tambaya. Sannan wayarsa ta mutu, kwana da kwanaki. Ta kira ƙanin, ya yi ta kame-kame. Sai wata baƙuwar murya ta kira ta daga ofishin 'yan sanda na wani gari a gaɓar gabas. An kama mutanen da kwale-kwale ya ɗebo daga ƙetare. Mai kwale-kwalen ya zubar da su nesa da tudu ya ce su ƙarasa da iyo, waɗanda suka kai suka tarar ana jiransu. Akwai waɗanda ba su kai ba. Mahsun ya kai.

A kotu ta gan shi. An shigo da su a jere, sarƙa ɗaya ta haɗa hannuwansu, an aske musu kai ƙwal. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Ba a ɓata lokaci ba. Ana karanta laifi suna amsawa baki ɗaya kamar 'yan makaranta. Aka yanke musu watanni a kurkuku, da bulala. Da ake fita da su, layin ya bi ta kusa da bencinta.

"Maman Yani, kin yi ƙiba," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi.

"Me ya kai ka? Saura shekara biyu fa!"

"Saura shekara biyu a ce miki an canza tsari." Sarƙa ta fizge shi gaba. Ya waiwayo. "Kada ki bari Yani ta zo."

Da ya gama zaman aka mayar da shi, wannan karon da hatimin da ba shi da wa'adi.

Rokiah ta bar Inna Sepiah, wadda ƙafafunta suka riga suka mutu, a hannun wata maƙwabciya, ta hau jirgin sama zuwa Lombok, karon farko a rayuwarta. Ta same shi yana shanya ganyen taba a gonar wani. Surutun nan duk ya tafi. In zai canza zane sai ya ce ta ɗan ba shi wuri, ita da ta haifa masa 'ya, don kada ta ga abin da bulala ta bari. Ta fita ta tsaya a bakin ƙofa tana cizon gefen mayafinta. Wata yamma suna zaune a kan gadon gora a ƙofar ɗakin, ya ce, "Ki dawo nan mana. Ko ganye ne mu ci tare."

"Inna fa? In goyo ta? Yani ta samu makarantar koyon jinya, wa zai riƙe ta? Kuma nan ɗin ni ma baƙuwa ce, kwanakina a ƙirge suke a fasfo."

Ya gyaɗa kai. "Ashe mun zama ɗaya," ya ce.

Ta dawo ta buɗe rumfa, don ita ce yanzu ke ciyar da gida biyu.

Ba a daɗe ba kwakwa ta fara ruɓa a kan itace. Ba masu sara. Tsamin ruɓaɓɓen manja ya cika hanya, ɓeraye suka yi ƙiba. Masu manyan gandaye suka yi ta kuka har gwamnati ta sake buɗe ƙofa ga leburori, amma samari masu jini a jika, waɗanda ba su da tabo a fasfo. Motoci suka fara sauke sababbin 'yan Lombok a mararraba, da jakunkunansu da sababbin takalman roba. Mahsun ya wuce shekarun da aka yanka, ko da ma ba hatimi. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Rokiah takan cika wa sababbin faranti, ta tsaya a kansu ta ce, "Ku ci ku ƙoshi, ku tara abin da za ku tara. Amma kada wanda ya ɗaga ido ya kalli 'yar kowa a garin nan." Su yi dariya, a zatonsu wasa take.

Manyan gandaye suka kwashe sababbin duka, ƙananan manoma ba su samu ko ɗaya ba. Wata safiya Kawu Leman ya zauna yana juya cokali a shayi, yana gyaran murya.

"Kiah, in kin yi waya da Baban Yani ki gaishe shi da kyau. Mutumin kirki, wallahi muna kewarsa. Ki tambaye shi ko ya san wasu yara masu ƙarfi a garinsu, biyu ma sun ishe ni. Gonata ta zama daji."

Rokiah ta ajiye ludayi. Ta zo ta ɗauke kofin daga gabansa, ko rabi bai sha ba, ta watsar a kwata.

"Kawu, mutane sun yi yawa a rumfar nan. Na shirya ragewa. Tashi."

"Kiah! Ni fa sa'an ubanki ne!"

"Ubana bai taɓa buga tebur don a kori wanda ke ciyar da shi ba. Tashi, na ce."

Ya tashi yana huci, yana neman wanda zai tare masa. Kowa ya dubi farantinsa. Daga ranar aka fara cewa Rokiah ta lalace. Ta daina zuwa gayyar girki, in an yi biki takan aika da gudummawa ta zauna a gida.

Inna Sepiah ta rasu cikin damina. Jalil ya zo jana'iza, shi da Rokiah suka zauna a ɗaki ɗaya ana karɓar gaisuwa, ba wanda ya ce wa wani ci kanka. Shekara biyu bayan haka Yani ta gama karatu ta samu miji, wani malamin makaranta daga Muar. Ranar ɗaurin aure aka jingina waya da kofi a gaban liman. Mahsun ya fito a ciki da baƙar hula da rigar aro wadda ta yi masa yawa. Shi ne waliyyi, sai ya wakilta liman da bakinsa kafin a ɗaura. Murya tana yankewa. Ya fara, "Na wakilta ka ka aurar da 'yata," sai hoton ya daskare. Shaidu suka ce ba su ji ba. Ya maimaita, ya sake maimaitawa da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi, har yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Yani tana bayan labule, kwalli ya zubo mata har haɓa.

Aka shafa fatiha, aka tashi cin abinci. Cikin hidima wani ya ture kofin, wayar ta kwanta a tabarma tana kallon rufi, aka manta da ita. Sai da la'asar ta yi, Rokiah ta shigo naɗe tabarmi ta gan ta. Ba a kashe ba.

"Baban Yani? Kana nan?"

"Ina nan. Ina jin ƙarar faranti. Mutane sun zo da yawa?"

"Sun zo. Gari duka."

"Abinci ya isa?"

"Ya isa."

"To madalla," ya ce. Sannan ya ce zai je ya mayar wa mai riga rigarsa.

Yanzu Yani tana gidan mijinta, har da goyo. Masu son jin baki sukan tambayi Rokiah me ya hana ta tattara ta bi mijinta, tunda Inna ta tafi. Amsarta ɗaya ce, in ta rufe rumfa su za su ciyar da shi? Kafaɗarsa ta daina ɗaga ko gatari, ganyen taba kuma aikin 'yan watanni ne a shekara. Don haka duk bayan ƙaramar salla takan ja kwano ta rufe rumfa, ta cika jaka da busasshen kifi da maganin ciwon gaɓɓai da hotunan jika, ta tafi ta yi masa 'yan makonni, ta dawo kafin kwanakinta su cika. Bana ta haura hamsin da biyar. Gwiwa ta fara ba ta wahala a matakalar jirgi, bara ma sai da wani ya riƙe mata hannu. Ita da shi ba su taɓa zancen shekarar da ba za ta iya hawa ba, amma kowannensu ya san tana tafe.